Ɗigon da ke kan Libiya

Lokacin da ɗiyata ta gama karatu a Aliero, sai ta buɗe wa mahaifinta shafi a intanet don masu sayen albasa na nesa su gan mu. Ta sa hotunan gonarmu ta Jiga Birni, har da wani nawa ina zaune ina tsince ruɓaɓɓu. Ta kuma haɗa wani abu da ke nuna duk wanda ya leƙo: ƙasar da yake, hoton da ya buɗe, da daɗewarsa a kai. Suna ne kawai ba ya faɗa.

Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, amma ina gane taswira, kuma kowane mai leƙowa ɗigo ne a kanta. Ɗige-ɗigen duk sun taru wajen Legas da Onica. Guda ɗaya yana can sama shi kaɗai.

"Wanga fa?" na ce.

"Libiya ce, Inna. Duk Juma'a sai ya zo. Ba ya duba farashi, hotonki yake buɗewa ya zauna."

Na ƙura wa ɗigon ido. Ɗana na fari can ya nufa neman aiki, kuma tun wata damina wayarsa ta daina shiga. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta nuna damuwa da shi gaban mutane. Sai dai duk Juma'a in ƙirƙiro dalilin shiga ɗakin ɗiyata, in tambayi allura ko ashana. Ita kuma, ba ta ko ɗago kai, ta ce, "Baƙonki ya zo." Ranar nan tuwo zai shiga.

Ana nan sai yayan maigidana ya ji labari a kasuwar Jega, wai matar ƙanensa tana cikin kwamfuta kowa na kallo. Ya zo ya ce a cire. Aka tambaye ni ko ina da magana. Maganar tana bakina, kunya ta danne ta. Na ce, "Yadda kunka gani, Yaya."

Aka cire hoton. Juma'ar da ta biyo ɗigon ya zo, bai daɗe ba ya fita. Daga nan bai sake ba.

Ban taɓa jin tsoro irin na watannin nan ba. In an yi sallama da ƙarfi a ƙofar gida, sai in ɗauka mugun labari aka kawo. Ko ya ga babu hoton ya ɗauka na rasu? Ko shi ne wani abu ya samu? Ɗiyata ta ce wataƙila waya ya sauya, wataƙila ma tun farko wani ne daban. Wannan ya fi tsorata ni.

Ita ce ta je ta durƙusa gaban baffan nata ta faɗi abin da na kasa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "To ku sa hannuwanta kawai. Ɗa ai ya san hannun uwarsa." Aka ɗauki hoton hannuwana cikin albasa, da tabon ƙunar da ke wuyan hannun dama.

Libiya ba ta sake fitowa ba. Can gab da damina wani ɗigo ya fito a Nijar, ya daɗe kan hoton.

"Inna, kada ki sa rai. Mutanen Nijar ma suna sayen albasa."

"Na sani," na ce, na je na share ɗakin ɗan nawa.

Ya iso ana shuka, a rame, ba ko jaka. Har yau ban tambaye shi ko shi ne ba.