Juwairiyya da Jariran da Manhaja ta Share

Kullum da safe, kafin ta taɓa shayinta, Juwairiyya Attahiru takan buɗe rumbun da ake ajiye kowane gyara na manhajarsu, ta duba sakamakon gwajin da kwamfuta ke yi don a ga ko manhajar na aiki daidai. Kore lafiya, ja matsala. Shekararta tara a wani ƙaramin kamfani a Gusau, mai kula da manhajar rajistar rigakafin yara a ƙauyukan Tsafe da Bungudu.

Akwai wani gwaji da yau kore, gobe ja, ba tare da an taɓa komai ba. Abokan aikinta, ƙarti shida masu digiri, suka laƙaba masa "mai aljanu". In ya yi ja sai su yi ta danna maɓallin sake gwaji har ya yi kore, su tafi cin abinci. Wata takwas ana wannan sakarci! Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Da Mahadi, shugaban sashen, ya gaji, sai ya ce, "Ku goge wanga gwaji, yana ɓata muna lokaci."

Ta ce, "Malam Mahadi, ba a goge shi sai mun ji mi shika faɗi."

Mako biyu tana bin tarihin gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya. Ashe gwajin yana ƙirƙiro yaran ƙarya da ranakun haihuwa barkatai, kuma ba ya yin ja sai ya dace da jarirai biyu da ba su cika kwana bakwai ba. Wa bai san ba a raɗa suna sai ranar bakwai? Manhajar kan ga gari ɗaya, gurbin suna babu komai, sai ta ɗauke su yaro guda, ta share ɗayan.

Ta gyara, sannan ta binciki rajistar gaske. Jarirai talatin da ɗaya sun ɓace daga jerin rigakafi. A taron kamfani Mahadi ya miƙe ya ce, "Mun gano matsalar." Su wa? Ko kunya!

Juwairiyya, ke ce kika ƙi danna maɓallin nan. Ke ce kika kira jami'an lafiya daga Furfuri har Kucheri, suka bi gida-gida. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri.

Ku kuma masu dannawa, ku koyi tsayawa ku duba kamar yadda ta yi. Talatin an same su da rai. Na ƙarshen, ɗan Delu a Kucheri, tarin shiƙa ya riga jami'an isa. Sunansa Shu'aibu.