Tambayar Hadiza a Darasin Amirka

Cikin shekaru talatin da na yi riƙe da alli, akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba. A ƙarshen 1974 ne, bayan an gama yankan gero. Ina sabon malamin tarihi a kwalejin Ƙonni, ba a ma tabbatar da ni a aiki ba.

Ga ƙa'idar lokacin, don yaran yanzu su gane: sai sufeton makarantu ya zo daga Tawa, ya zauna bayan aji ya saurari darasinka, ya rubuta rahoto. In ya yaba, ka zama cikakken malami. In bai yaba ba, ka jira baɗi, ko ka koma gida. Wanda ya zo mini shi ne Mushe Garba (Mushe muke ce wa malamin boko), dattijo mai ƙarancin magana.

Darasin ranar, a aji na huɗu, tsarin mulkin Amirka ne. Na faɗa musu yadda mutanen can suka ƙwaci kansu daga Ingila a 1776, suka rubuta tsarin da ya raba iko uku: majalisa ta yi doka, shugaba ya zartar, kotu ta yi hukunci, kowane yana taka wa ɗan'uwansa birki. Sauri nake yi, don wata bakwai ke nan da soja suka karɓi mulki a ƙasarmu, an rufe majalisa, kowa yana auna bakinsa.

Sai Hadiza, wata ɗaliba ƴar Tsarnawa, ta ɗaga hannu. Ta ce babanta ya ji a rediyo shugaban Amirka ya sauka, ba soja, ba bindiga. Wa ya sauke shi?

Na ce wannan ba ya cikin littafi, mu ci gaba.

Daga bayan aji na ji muryar Mushe Garba: "Malam, an yi maka tambaya. Amsar tana kan allonka."

Na yi bayani: kotu ta tilasta wa shugaban ya miƙa shaidun da yake ɓoyewa, majalisa ta fara shirin tsige shi, shi kuwa ya ga ba mafita, ya ajiye mulki.

Hadiza ta ce, "To, mu nan fa?"

Mushe Garba ya taso. Doka ta hana Hausa a aji, amma da Hausa ya yi magana. Ya tambaye su ko sun taɓa ganin ɗan kokowa yana yi wa kansa alƙalanci. Suka yi dariya, suka ce a'a. Ya ce abin da darasin ke nufi ke nan. Ya ƙara da cewa su ma Amirkawa da suka rubuta cewa mutane duka daidai suke, sun kusa shekara casa'in suna riƙe da bayi, sai da aka yi yaƙi.

Ya dubi Hadiza ya ce, "Ƴata, tamu amsar ba a rubuta ta ba tukuna. Ku yi karatu, ku za ku rubuta."

A buro, wato ofishin darakta, Mushe Garba ya gaya mini darasina ya yi kyau, amma ya rage mini maki don na nemi guje wa tambaya. An tabbatar da ni a wannan shekarar.

Sai bayan ya rasu darakta ya ba ni sauran labarin. Ashe maganar ta fita waje, har hukuma ta kira Mushe Garba ya yi bayani. Ya ce darasin yana cikin manhajar gwamnati, abin da ya wuce haka kuwa daga bakinsa ya fito, a ƙyale yaron nan, wato ni. Bai taɓa gaya mini ba.

A nan na koyi cewa yaro yana gane malamin da ke tsoron tambayarsa. Na kuma koyi cewa babba a wurin aiki shi ne wanda zai yi maka faɗa a cikin buro, in an fita waje ya tare maka rana.