Ranar da Baba Ya Kira Ni Shaida

Shekarun baya, ina sabuwar zuwa Greensboro karatun digiri na biyu, na zauna a gidan ƙanwar mahaifiyata a Pleasant Garden. Anti nas ce, zamanta a asibiti ya fi zamanta a gida, ni kuma ban iya tuƙi ba, a unguwar da ko burodi mutum zai saya sai ya tada mota. Gidajen nesa suke da juna, kowanne da filinsa da itatuwansa. Ranar da ba ni da darasi, aikina shi ne zama a bakin taga ina kallon ganye yana zuba, ina rubuta waƙoƙin da har yau ban yarda kowa ya karanta ba.

Da Babbar Sallah ta zo, Anti ta soya nama ta zuba a kwano, ta ce in kai wa maƙwabciyarmu, wata likitar haƙori 'yar ƙasar Holan da ke zaune da mahaifinta. Tsohon ne ya buɗe ƙofa. Dogo ne ƙwarai, gashinsa fari fat, sanye da kwat kamar mai shirin fita ofis. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya tambaya ko mun yi da shi zan zo yau. Na ce a'a. Ya ce a ƙasarsu ba a faɗowa gidan mutum haka kawai, amma tunda naman ya riga ya iso, in shigo. Ya haɗa mini kofi, ya miƙo gwangwanin biskit, ina ɗaukar ɗaya ya mayar da murfi ya rufe. Na dawo gida na shaida wa Anti cewa ban taɓa ganin marowaci irinsa ba. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce haka suke, da ban kwanta masa ba ko ɗayan ba zan gani ba.

Ashe kuwa na kwanta masa. Ya aiko 'yarsa da kwanon, da saƙon cewa ya ware mini la'asar ɗin Laraba. Tun daga nan nake zuwa. Ban iya kiran sa'an kakana da sunansa ba, sai na riƙa ce masa Baba. Ya tambayi dalili, na yi masa bayani, ya ɗan yi nazari, ya ce ya karɓi muƙamin.

A hankali na san ko wane ne. Ya daɗe yana koyar da shari'a a jami'a, kuma abin da ya fi ba ƙarfi shi ne yadda al'adar mutane take zama doka tun kafin wani ya rubuta ta. Daga baya ya shiga siyasa, aka zaɓe shi majalisar dokokin ƙasarsu a ƙarƙashin wata ƙaramar jam'iyya da ba ta taɓa kafa gwamnati ba. A keke yake zuwa majalisa, ko ana ruwa. Da na ce masa a wurinmu in aka ga ɗan majalisa a kan keke sai 'yan uwansa su fara nema masa magani, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce kayen da ya sha a muhawara ya fi nasarar da ya samu yawa, amma bai taɓa barin zauren ba tare da an ji ta bakinsa ba. Bayan rasuwar matarsa mantuwa ta fara taɓa shi, shi ne 'yarsa ta je ta ɗauko shi.

Abu ɗaya Baba yake so a duniya: ya koma garinsu. 'Yarsa ta ƙi. Ta ce ba ta da kowa sai shi, kuma ba za ta bar shi a hayin teku ba alhali wata rana yana manta ya kashe murhu. Ko fita shi kaɗai ta hana shi.

Wata Laraba na tashi tafiya, ya ɗago mini hannu daga kan kujera. Cikin tsokana na ce masa a wurinmu ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai, sai an taka masa. Nan take ya gyara zama. Ya tambaye ni wannan rakiyar, dole ce ko kyautatawa? Wanda ya ƙi yi, me ake masa? Na ce ba mai kai shi gaban alƙali, amma za a yi da shi a gari. Ya ce to ai wannan ita ce doka. Da 'yarsa ta dawo aiki ya gabatar mata da hujja: ita fitar ganin dama ta hana, wannan kuwa haƙƙin baƙuwa ne. Ta gaji da shi ta amince, da sharaɗin in dawo da shi da kaina.

Sai abin ya zama wasa. Ya rako ni ƙofar gidanmu, in juya in rako shi nasu, ya ce bai dace mace ta koma ita kaɗai ba. Daga baya muka daina yaudarar kanmu, muka riƙa bin gefen titi har wani fili da ake kiwon dawaki. A hanya yakan ba ni labarin garinsu: ruwan da ya ratsa tsakiyar gari, gadar da yake tsallakawa zuwa jami'a, ƙarar ƙararrawa, ƙamshin gidan burodi da sassafe. Ni kuma in ba shi nawa, lungunmu da yadda kiran sallar asuba yake tashi daga masallaci zuwa masallaci kamar ana miƙa wa juna. Motoci su wuce mu a guje, masu su suna leƙen tsohon Bature da yarinya mai mayafi, kowannensu yana kwatanta wurin da ɗayan bai taɓa gani ba.

Amma akwai ranakun da yakan tsaya cak a tsakiyar tafiya. Ya waiwaya dama da hagu, ya tambaye ni ina gadar take. Wani lokaci ya juya harshe zuwa nasu, ya kira ni da sunan matarsa. Sai in riƙe hannun rigarsa mu juyo, kafin mu iso ya dawo daidai. Ban gaya wa 'yarsa ba. Anti kaɗai na faɗa wa, ita ma abin da ta ce kawai shi ne Allah ya rufa mana asiri a tsufanmu. Haka aka rene mu. Babba in ya yi tuntuɓe, kau da kai ake yi.

Ran nan da bazara na shiga na tarar da 'yarsa a gida, an kwashe komai daga kan teburin cin abinci, shi kuma ya sa kwat ɗinsa mafi kyau. Ya ce ya shigar da ƙara kan maganar komawarsa gida, 'yarsa ce alƙali, ni ce shaida. Ta ce masa wannan fa teburin cin abinci ne. Ya ce ya ga kotunan da ba su kai shi daraja ba.

Ya tsayar da ni, ya tambaye ni ko yana gane hanya idan muka fita. Zuciyata ta ba ni cewa in na nuna lafiyarsa ƙalau, za a bar shi ya tafi. Na ce sosai ma, ai shi yake nuna mini hanya. Na ƙara da yabon ƙwaƙwalwarsa, har ina jin daɗin kaina, wai ni ga lauya.

Ya dube ni ta saman tabarau. "'Yata, ban kira ki don ki ji tausayina ba. Ranar da muka tsaya wajen dawakin nan, me na tambaye ki?"

Na sunkuyar da kai. Ban taɓa zaton yana tunawa ba. Na ce a hankali, "Baba, a wurinmu ba a faɗin irin wannan a gaban babba."

"Na sani, kuma ina girmama dokarku," in ji shi. "Amma yau a tawa kotun kike. Faɗa mata."

Na faɗa. Gadar, da sunan matarsa, da yadda nake jawo shi mu dawo. Ya tambaya ko abin raguwa yake yi ko ƙaruwa. Na ce ƙaruwa. Na ji kamar na tuɓe wa kakana hula a kasuwa. 'Yarsa ta rufe baki da hannu, hawaye na zuba. Duk wannan ba ta sani ba.

Sai Baba ya miƙe tsaye, ya dafa tebur. A ranar na ga mutumin da ya taɓa tsayawa a majalisa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya san abin da ke samunsa, ya kuma san gaba zai yi, ba baya ba. Ya ce ba zaman kaɗaici yake roƙo ba, akwai gidan kula da tsofaffi a garinsu kusa da ruwa, can yake so a kai shi. Sannan ya dubi 'yarsa ya ce, "A nan in na manta, babu abin da zai tuna mini. Itatuwan nan ba su san ni ba. A can, ko kaina ya ɓace, ƙafata ta san hanya. Ki kai ni tun ina iya gane cewa na iso."

Ta amsa masa da harshensu, ta daɗe tana magana tana kuka. Ban ji ko kalma ba, amma na gane tana cewa ita fa, wa zai rage mata. Ya zagayo ya dafa kanta. Na zame na fita, ranar ba wanda ya raka wani.

Kafin zafi ya ƙare ta tafi da shi. Da ta dawo ta ba ni labari cewa a jirgi ya rikice, yana ta tambayar ina za su. Amma motar haya na shiga garin ya miƙe zaune, ya fara gaya wa direba inda zai karya, titi bayan titi, har da yi masa faɗa don ya so ya bi doguwar hanya. Ya rayu a can wani ɗan lokaci kafin ya rasu. Ta ce har sunanta ya ɓace masa a ƙarshe, amma bai taɓa tambayar kowa inda yake ba.

Yanzu na gama karatu, na iya tuƙi, ina aiki a cikin gari. Na daɗe ina ɗaukar rufin asiri shi ne iyakar ƙaunar da ƙarami zai nuna wa babba. Har yau ina ganin kyansa, sai dai na san da na ci gaba da rufa wa Baba, da na riƙe shi a wurin da ba nasa ba. Wata la'asar ɗin in na biyo ta gefen filin dawakin nan sai in rage gudu, ina kewar mutumin da ban san ko ya mutu yana tuna ni ba.

Mahaifiyata takan tambaye ni yaushe zan zo gida, ina ce mata in sha Allahu baɗi. Kwanaki ƙanwata ta ce mini a waya an fasa sabon titi ta bayan gidanmu, an rushe rumfunan bakin lungu, ba zan gane unguwar ba. Da dariya ta faɗa, ni ma na taya ta. Bayan mun ajiye waya na daɗe zaune cikin mota ban tada ta ba. Ina tsoron ranar da zan sauka a garinmu da jakata, in tsayar da wani in tambaye shi hanyar gidanmu.