Kunnen da Na Ƙi Ara wa Iya Mal-sun

Ranar Laraba, goma sha biyu ga watan Nuwamba, da hantsi, Allah ya karɓi ran maƙwabciyata Iya Pyo Mal-sun, tana da shekara tamanin da huɗu. Tana tsakar gida tana yanka kabejin da za a jiƙa da gishiri domin hunturu, sai ta ce wa 'yarta Yeon-ja, wadda ta zo daga birni taya ta aiki, kanta na juyawa. Ta jingina da bango, ba ta sake magana ba. Ina bayan katanga ina wanke kwalabe sa'ad da na ji kukan Yeon-ja.

Iya, shekara biyar muka yi katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na zo ƙauyen nan daga birnin Daegu bayan na yi ritaya daga aikin gwajin ruwan famfo, matata ta rasu, ga lokaci ya yi mini yawa. Don in rage zaman shiru na sayo kayan dafa giyar sha'ir a gida: tukunya, tsiron sha'ir, yis a 'yar takarda, ma'aunin zafi, da wani ɗan gilashi mai lambobi da ake tsomawa a ruwa ya nuna yawan zaƙin da ya rage. Dafawar farko na yi gaggawar ɗurawa, kwalba goma sha ɗaya suka fashe a ɗakin ajiya da rana tsaka. Kika shigo da tsintsiya a hannu ba ko sallama, kika dubi rufin ɗakin yana ɗiga, kika ce ke kin zaci yaƙi ne ya dawo. Kika taya ni share gilasai, sannan kika koma kika aiko mini da miyar waken suya mai zafi. Tun ranar kika raɗa mini Mai-awo, har yau ba wanda ya san sunana na gaskiya a ƙauyen nan.

Alherinki ba ya yin surutu. Da kika ji ina son gwada giyar zuma, kika ba ni zuma daga amya ukun da suka rage na marigayi mijinki, kika hana ni ko da godiya mai tsawo. Da na kwanta ciwon baya, kwana tara kina turo mini kunun shinkafa ta kan katanga, kina faɗa wai namiji mai gilasai da yawa haka ya kasa dafa wa kansa ko ruwan zafi.

Sau ɗaya a shekara kike dafa taki giyar, domin ranar tunawa da mijinki, da ake zuba masa kofi a gaban sunansa. Shinkafa ce da zumarsa, da nuruk, wato dunƙulen alkamar nan da kike takawa da ƙafa ki rufe da ganye har ya yi fumfuna. Ki zuba a randar da kika gada wurin surukarki, ki naɗe ta da bargo, ki ajiye a kusurwar ɗaki inda ƙasa ta fi ɗumi. Ba ki da ma'auni ko ɗaya, kunne kawai kike kafawa a jikin randar kowace safiya. Kin sha gaya mini yadda abin yake. Da fari za a ji kamar ruwan sama a kan kwano, daga baya ya koma yayyafi, daga nan sai ɗigo ɗaya-ɗaya. In mutum ya ja numfashi uku a natse bai ji ɗigo ba, to ta nuna, a tace. Shekara talatin mijinki bai sha ta kanti ba a ranarsa, kuma da wannan kike alfahari fiye da komai.

Kin so in koya, domin 'ya'yanki suna birni kuma ba mai sha'awa. Ni kuwa sai in yi murmushi in ce to, a raina ina cewa zancen tsofaffi ne. Mutumin da ya shekara talatin da biyu yana auna ruwan da gari guda ke sha, shi za a ce ya durƙusa yana sauraron tukunya? Girman kai ne, Iya, ba wani abu ba.

Bara kunnenki ya mutu gaba ɗaya. Kika leƙo ta katanga kika ce, "Mai-awo, gobe da safe ka zo ka ara mini kunnenka. Nawa ya riga ni tafiya."

Na zo, amma da gilashina a aljihu. Da kika juya za ki ɗauko mataci, na tsoma shi a ruwan da ya taso saman randar, lambar ta nuna zaƙi ya ƙare. Na sunkuya kusa da randar don dai a ce na yi, na ɗago na yi miki alama da hannu cewa shiru ne. Kika tambaye ni, "Numfashi uku?" Na ɗaga miki yatsu uku. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne shinkafa ba kamar sha'ir ɗina ba ce. Tana can ƙasa tana sakin zaƙi a hankali, yis na cinyewa nan take, saboda haka gilashi zai ce an gama alhali aiki na tsakiya. Kika tace, kika ɗura a kwalba, kika toshe da kyau.

Da yammacin ranar tunawar kin gayyace ni cin abinci, ina tsaye a bakin ƙofa. An jera shinkafa da kifi da 'ya'yan itace a kan teburi, an jingina farar takardar da aka rubuta sunan mijinki da tawada. Babban ɗanki Gil-su ya durƙusa ya buɗe kwalbar, sai giyar ta yi tsiri har rufi, ta jiƙa abincin, ta wanke sunan ya zama baƙin ruwa yana gangarowa. Gil-su ya tashi ya tafi kanti ya sayo ta kwalba, aka sake rubuta suna, aka yi abin da za a yi. Na ji yana ce wa ƙanwarsa Yeon-ja ya kamata Iya ta haƙura da wannan wahala, tsufa ya zo. Ke kuwa kika sunkuya gaban sabuwar takardar kika ce, "Tsoho, yi haƙuri, kunnena ne ya tsufa." Ina nan tsaye, na bar ki kika ɗauki laifina.

Kusan shekara guda na samu in faɗa miki gaskiya. Kullum in ce gobe. In ce ai ba za ki ji ba, sai na rubuta, kuma kin ce idonki ba ya son ƙananan rubutu. Na kawo miki itace, na gyara miki famfo, na ɗauke miki buhun shinkafa, duk don in biya abin da kalma huɗu, "Ni na yi ƙarya," za su biya. Kunun bai daina zuwa ta kan katanga ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Bayan an dawo daga jana'iza Yeon-ja ta kira ni ɗakinki. Randar na kusurwa cikin bargonta. Ashe kwana huɗu kafin rasuwarki kin zuba ta bana. Yeon-ja ta ce, "Malam, Iya ta bar saƙo tun ranar da ta zuba. Ta ce in giyar ta kai mako a kira Mai-awo, amma ya bar gilashinsa a gida. Ta ce bara kunnenka bai taɓa randar ba, ta gani, don kunnenta ne ya mutu, ba idonta ba."

Na tambaye ta me ya sa ba ki tona ni ba a gaban mutane. Ta ce ita ma ta tambaya, kika ce Mai-awo baƙo ne, ba shi da kowa a nan, in aka kunyata shi zai tattara ya koma birni, randar kuma ta rasa mai saurarenta.

Na durƙusa na kafa kunne, Iya, karo na farko. Yayyafi ne, daidai yadda kika faɗa. Kwana biyar ina zuwa kowace safiya, gwiwoyina na ciwo. Jiya na ja numfashi uku ban ji komai ba, na ƙara uku don tsoro, sannan muka tace ni da Yeon-ja. Jibi ne ranar Tsoho. Gil-su zai zuba masa kofinsa, sauran kuma mun ajiye a wuri mai sanyi domin cikarki kwana arba'in da tara, ranar da ake yi wa mamaci addu'a a al'adar nan.

Gil-su, abin da ka gani bara ba tsufan mahaifiyarka ba ne, ƙaryata ce. Na rubuta a nan domin duk wanda ya tsaya a ɗakin nan ranar ya sani.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ka, da Yeon-ja, da jikoki, da dukan mutanen ƙauyenmu da suka ci daga hannunta. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Allah ya jiƙan Iya Mal-sun, ya yafe mata kurakuranta, ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa mini, ya sada ta da mijinta cikin salama. Ni kuma, Iya, gafarar da na kasa roƙa kina raye, ga shi ina roƙa yanzu.