Lungun da Mota Ba Ta Shiga: Shekara Sha Ɗaya Bayan Malam Ɗayyabu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar abokina Malam Ɗayyabu, kuma sai bana na iya ɗaukar biro in rubuta wani abu a kansa. Waɗanda suka san ni za su yi mamaki, don ni bakina ba ya ajiya. Tsofaffin ɗalibaina shaida ne, in na fara zance sai an buga ƙararrawa sau biyu kafin in fita daga aji. Amma a kan mutumin nan shiru na yi, saboda duk tsawon shekarun nan gani nake da hannuna a mutuwarsa.

Asalin sunansa Attayyib, mutumin Sudan ne. An ɗauko shi ya koyar da nahawu a kwalejin da nake aiki, Kanawa kuwa ba su yi wata-wata ba suka mayar da shi Ɗayyabu, shi ma ya amsa. Da ya iso, makaranta ta ce ya nemi gidan haya a duk unguwar da ta kwanta masa, za ta biya. Matarsa Amna da 'yarsu Huda, wadda ko yaye ta ba a yi ba, suna can gida suna jiran ya samu wuri. Ni aka ɗora wa zagawa da shi gari, don ina ɗan taɓa Larabci.

Gida uku na nuna masa. Na farko a Nasarawa, mai doguwar katanga da maigadi da famfo mai zuba dare da rana. Na biyu bene ne a bakin babban titi, kana leƙowa ta taga ka ga mai tasi. Na uku kuwa a unguwarmu ne, Kabara, cikin gari: ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti, zaure, ɗaki biyu, rijiya a tsakar gida. Bari in faɗi gaskiya tun da yau ranar faɗinta ce, son kai ne ya sa na kai shi can. So nake in samu abokin hira a bayan gidana, in gyara Larabcina ba tare da na biya ko sisi ba. Na kushe gidan Nasarawa na ce kurkuku ne mai furanni, na kushe benen na ce hayaƙin motoci zai kashe masa yarinya.

Lungun gidan na uku ƙunci gare shi. In mai kurar ruwa ya shigo, sai kowa ya manne da bango. Malam Ɗayyabu ya tsaya a tsakiya, ya buɗe hannuwansa, ya taɓa bangon dama da na hagu a lokaci guda. Ya ce, "Malam Habu, mota ba ta shiga nan." Ni kuwa da bakin nan nawa na ce, "Mota me? Ga ƙafafunka biyu lafiyayyu. Mu da aka haifa a nan, wa ka ji ya mutu don rashin mota?" Ya yi murmushi.

Muna tsaye sai ya lura da gidan da ke kallon wanda muka zo gani. Mata da yara ne ke shiga da kwanuka a rufe, suna fitowa da su wayam. Ya tambaye ni ko biki ake yi. Na ce a'a, maigidan ne ya rasu wata uku da suka wuce, matarsa Yagana tana takaba. Ya ce danginta ne ke kawo abincin? Na ce ina, 'yar Barno ce, danginta suna can, maƙwabta ne kawai. Ya ce wata uku, har yanzu ana kawowa? Na ce har sai ta fita. Ya daɗe yana kallon ƙofar nan, leɓɓansa na motsi, ashe ƙirga kwanukan yake yi. Na zolaye shi na ce in yunwa yake ji mu ƙarasa gidana. Washegari ya ce ya ɗauki gidan lungu, ni kuma na shiga ɗakin malamai ina bugun ƙirji, wai na shawo kan baƙo. Ai an ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Shekara goma sha huɗu ya yi a gidan nan. Ba zan ce zaman ba shi da wahala ba. Da damina kwata kan cika ta malalo, sai ka gan shi ya naɗe farar jallabiyarsa har gwiwa yana tsallake-tsallake yana min Allah-ya-isa cikin raha. Da bazara rijiya kan ƙafe. Amma bayan La'asar zaurensa ba ya rabo da mutane, ana shan shayi mai na'a-na'a, ana musun nahawu da na ƙwallo. Amna kuwa ta zama ƙanwar Yagana, suna haɗa turaren wuta tare, kowace tana cewa na ƙasarsu ya fi. Huda ta tashi da Kananci a bakinta, har tana yi wa ubanta gyara.

Ranar wata Talata bayan La'asar, yana cikin zuba mana shayi, sai ya dafe ƙirji ya sulale. Motar maƙwabcinmu tana can bakin titi, inda duk masu mota ke ajiyewa. Mu shida muka ɗauke shi a kan darduma. A kwanar lungun sai da muka karkata shi kafin ya wuce. Ban san minti nawa muka yi ba, a wurina dai kamar yini ne. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Likitan da ya duba shi ya ce, "Da an kawo shi da wuri, wataƙila." Wannan wataƙila ita na ɗauka na koma da ita gida, tare da tambayar da na yi masa ranar farko, wa ka ji ya mutu don rashin mota.

Amna ta yi takabarta a gidan, kwanuka suna shiga suna fita. Duk lokacin da na je gaisuwa, daga bayan labule ba na jin komai sai "mun gode." Na fassara shirun nan yadda zuciyata ta ga dama: ta san wanda ya kawo su nan. Da ta fita takaba suka koma ƙasarsu. Ni kuma na daina bin lungun. Masallacin da taku kaɗan zai kai ni, sai in zaga ta bayan layi, in an tambaye ni in ce motsa jiki nake yi.

Da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu, waya ta shigo, ba wurina ba, wurin Yagana. Makonni Amna da Huda suka yi a hanya ta Chadi, suka iso Kabara da jaka ɗaya. Yagana, wadda yanzu sai da sanda, ta kwashe kayan ɗakinta na biyu ta ce ga wuri. Babu wanda ya kira taro, babu wanda ya ba da umarni, kafin Magariba kwanuka sun fara shiga. Na aika matata da namu. Ni ban iya zuwa ba, sai saƙon gaisuwa.

Nakan tambayi kaina me Malam Ɗayyabu zai ce da ya ga yadda ake neman gida a yau. Ejan ne zai turo maka bidiyo a waya, ka ga tayil, ka ga banɗaki, ka biya ba ka taɓa shaƙar iskar unguwar ba. Tambayoyin ba sa wuce akwai wuta, akwai ruwa, akwai sabis na waya, akwai get ɗin shiga da mota. Ba na raina su, wanda ya taɓa ɗaukar abokinsa a darduma ba zai raina hanyar mota ba. Sai dai ina jin dariya zai yi ya ce duk an duba gidan, an manta ba a duba ƙofar da ke kallonsa ba.

Wannan ma ba da kaina na gane shi ba. Watan jiya Huda ta samu aiki a Legas, a wani ɗakin gwaje-gwaje. Suka yi sallama a zaurena ita da mahaifiyarta, ta miƙo mini waya cike da hotunan gidaje. Ta ce, "Baba Habu, kai ka zaɓa wa Abbana unguwa, ni ma ka zaɓa mini." Na ture wayar. Abin da na danne shekara goma sha ɗaya ya fito da kansa, na ce ni na daina ba da shawarar gida, zaɓin da na yi wa ubanki shi ya hana mota isa gare shi.

Amna ta dube ni. Ta ce, "Malam Habu, abin da ya hana ka zuwa gaishe mu ke nan?" Na sunkuyar da kai. Ta ce tun kafin mijinta ya baro gida likita ya gaya masa zuciyarsa ba ta da ƙarfi, ko yaushe tana iya tsayawa, ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa don kada a fasa ba shi aikin. Ranar da suka tare ta yi masa ƙorafin lungun har da kuka. Ya kai ta bakin zaure ya nuna mata ƙofar Yagana ya ce, "Kwano tara na ƙirga. Ni ba inda zan zauna nake nema ba, inda zan bar ku nake nema." Ta ƙara da cewa shirun da ta yi a takaba, Hausarta ce ta gudu ta bar ta, ko sunanta da ƙyar take tunawa.

Na yi kuka a gaban yarinya, ban ji kunya ba. Bayan kukan kuma dariya ta zo mini, dariyar kaina. Shekara ashirin da biyar ina ɗauka ni na juya mutumin nan, farko ina alfahari, daga baya ina nadama, ashe ban isa ba. Ni ɗan gari ina ta zuba, baƙon da na kira makaho yana ƙirga abin da na saba gani har na daina gani. Wallahi ban taɓa jin daɗin gano cewa ban kai yadda nake zato ba sai ranar.

Bai bar gida ba, bai bar fili ba. Littattafansa suna can inda yaƙi ya cinye su. Abin da ya bari shi ne ƙofar da iyalinsa suka ƙwanƙwasa bayan shekaru, aka buɗe ba a tambaye su sai yaushe za su tafi ba. Allah Ya ji ƙansa, Ya sa ya dace da maƙwabta a can kamar yadda ya zaɓa a nan.

Huda dai na ba ta shawara daga ƙarshe. Na ce ta ajiye wayar ta je da ƙafarta, ta tabbata mota tana isa ƙofa, wannan nawa ne. Sannan ta tsaya a layin ta ga ko akwai abin da ke fita daga wani gida ya shiga wani, wannan na ubanta ne. Da za su tafi na ce bari in taka musu. Na raka su har ƙofar Yagana, ta cikin lungun. A tsakiya na tsaya na buɗe hannuwana, na taɓa bangon dama da na hagu, sannan na wuce masallaci ta gajeriyar hanya.