Balbelar Rijiyar Tsamaye

A shekarun farin da aka yi ina yaro, tuwo ya bar gidanmu a Tsamaye, amma tatsuniya ba ta bari ba. Bayan magariba kakata Ige takan zauna bakin murhu tana dafa anza, ta zubar da ruwan ɗacin ta sake wani, mu kuwa mun kewaye ta. Tatsuniyar ce ke hana mu tambayar yaushe za a sauke tukunya.

Rijiya ɗaya ta rage da ruwa. Mu manoma mu ja da safe, mutanen rugar Arɗo Jaɓɓi su shayar da yamma. An fara kallon juna, amma ana gaisawa, matansu na kawo mana ɗan nono a ba su dusa, ɗaya cikinsu ma ƙawar Kaka ce. Sai Ɗan Jimma dillalin shanu ya fara zirga-zirga tsakani, cikin farar riga, a shekarar da ko sabulu ba mai gani.

Ranar da ya fito daga zauren babana, Kaka ta raka bayansa da harara, ta ce mu matso, ga wata tatsuniya nan tafe.

Wai an yi fari, tafki ɗaya ya rage, sa da jaki ke sha. Kowa na jin haushin bakin ɗan'uwansa, amma ba wanda ya furta. Sai balbela ta sauka bayan sa, ta ce masa jaki na zagayowa a ɓoye ya ƙara sha. Ta tashi ta hau jaki, ta ce sa ya rantse gobe da ƙaho zai tsare tafkin. Washegari suka haɗu tsakiyar ruwa, tunkuyi da harbi, har tafkin ya koma laka. Ƙafafunsu suka tayar da ƙwari da ƙananan kwaɗi, balbela ta ci ta ƙoshi, ta tashi fara fat.

Ni da wautata na ce ai balbela ta fi kowa wayo. Kaka ta dube ni kamar ta ga ƙuda a fura.

"Wayo, maigidana? Ba ita ta kawo ƙishirwa ba. Amma hwaɗan da za shi jira har ruwa shi sauko shi kashe shi, ita ta kawo shi yau. Tsuntsuwar banza, ko ƙahwarta ba ta jiƙa ba."

Kafin wata ya ƙare aka fasa kai a bakin rijiya. Arɗo ya karyar da shanunsa ta hannun Ɗan Jimma, ya kora sauran wajen Burkusuma. Nono ya yanke, ruwa bai ƙaru ba, kuma har Kaka ta rasu ba ta sake ganin ƙawarta 'yar rugar ba. Rigar Ɗan Jimma ko ƙura ba ta ɗauka ba.

Bana da ruwa ya sake ɗaukewa, na je wani taro a garin Isa kan mashaya da burtali. Mai lasifika ya yi ta zuga babban baƙo, wanda ko takalminsa bai san hanyar daji ba, da wata kalmar Turanci, catalyst. Karatuna bai wuce firamare ba, sai na riƙe ta a baki har gida na tambayi jikata Hadiza. Ta ce a darasin kimiyya wani abu ne da ake sakawa cikin haɗi, ya sa abin da zai daɗe ya faru nan take, shi kuma ya fito yadda ya shiga, ba abin da ya rage masa. Mutum ma ana ce masa haka.

"Yabo ne fa, tsoho," in ji ta.

Wataƙila cikin kwalbar 'yan kimiyya yabo ne, tunda kwalba ba ta jin ƙishirwa. Ni dai na tsufa ina tafa wa masu fararen riguna, har a wancan taron na tafa. Yanzu idan mutum ya shigo tsakaninmu da makiyaya, ba bakinsa nake kallo ba, ƙafar wandonsa nake dubawa. In ban ga laka ba, na san sunansa, har da Turanci.