Murfi Uku a Tankin Feshi

Har yau ban manta da Talatar da Baba Shehu ya yi rubutu a zaurenmu na waya ba. Lokacin ina ƙaramin malamin gona a Ikara, ni kuma aka ɗora wa kula da zauren, wanda ya haɗa malaman gonar Ikara da Makarfi da Kudan. Ga wanda bai san aikinmu ba, mu ne masu kai wa manoma shawara har gona, abin da muka faɗa kuwa da shi suke aiki.

Dokokin zauren ni na rubuta su, ina ji da su kuma: ban da siyasa, ban da talla, ban da jita-jita, a girmama na gaba. Ta ƙarshen nan ba wanda ya taɓa karya ta, don dama da ita muka tashi.

Baba Shehu tsohon shugaban sashenmu ne da ya yi ritaya, rabinmu shi ya koya mana goya tankin feshi. Ran nan wani ya tambayi yadda za a yi da ƙwarin da suka addabi irin tumatir da ake raino don noman rani. Baba ya faɗi maganin, ya ce a zuba cikin murfin kwalbar sau uku a tanki guda. A zamaninsa haka ake yi. Amma na kasuwa yanzu ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba. Murfi ɗaya ya isa, uku kuwa ƙone iri zai yi.

Ina karantawa na ga awon ya yi yawa. Sai ga amsoshi suna shigowa, wannan ya ce Allah ya ƙara basira, wancan ya ce Allah ya bar mana Baba. Masu digiri ne fa, ba wanda bai ga kuskuren ba. Ni ma na tura tawa godiyar. Na ce a raina ba a gyara wa babba a gaban jama'a, kiran waya kuma bai dace da irin wannan magana ba. Na bari sai Juma'a in je Makarfi in gaishe shi har gida.

Na je. Muka gaisa, muka taɓo iyali da ciwon ƙafarsa da tsadar taki, sannan na lallaɓa na miƙa masa kwalbar sabon maganin, wai ya duba mini. Ya sa tabarau ya karanta awon da ke jikinta.

"Dukanku kun gani?" in ji shi.

Na sunkuyar da kai na ce mun gani. Sai ya ce in tayar da babur. Ashe ranar Laraba ya faɗa wa wani manomi a Gazara, Malam Iliya, wannan awon, har ya nuna masa godiyar da muka yi ta zubawa, ya ce ga malamai duk sun amince.

Muka tarar da irin Malam Iliya ya ƙone ƙurmus, saura 'yan kwanaki a yi dashe. Ko ya sake raino, kakar farko ta wuce shi. Bai ɗaga murya ba, sai ma ba mu haƙuri yake yi, wai wataƙila shi ne bai auna daidai ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

A hanyar komawa Baba ya sa na tsaya a gindin wani mangwaro. Ya ce, "Ɗana, kunyar da kuka tsare mini a waya, ga ta na kwasa a gonar bawan Allah. Da ka gyara mini ranar Talata, kafin la'asar na huce."

Nan take ya fiddo wayarsa ya rubuta gyaran da kansa, bai ɓoye komai ba. Ya umarce ni in ƙara doka: duk abin da ya shafi awo ko magani, wanda ya fara ganin kuskure ya gyara a cikin zaure, cikin ladabi, ko wa ya rubuta.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku gaida manya, ku rusuna musu. Amma ku sani godiyar malamin gona a zaure sa hannu ce, manomi da ita zai yi aiki. Mun yi shiru don kada ran Baba ya ɓaci, Malam Iliya da ba ya ma cikin zauren shi ya rasa tumatirinsa.